Audugar Inusah

Duk unguwar Peckham an san Inusah da abu ɗaya: ba ya tsoro. Ɗan zangon Kumasi ne, ya zo Landan a shekarun tamanin, ya samu aikin haska wa 'yan kallo kujera da tocila a wata ƙaramar silima a Camberwell. Finafinan tsoro na Italiya suka fi nunawa, mayu da wuƙaƙe da jini male-male. Turawa kan fito jiki na ɓari, gogan naka kuwa ko gezau.

Matarsa Amamata kitso take yi a titin Rye Lane, kuma duk wadda ta zauna gabanta sai ta sha labarin jarumtar maigida. Wannan yabo, wallahi, ya fi masa komai daɗi a duniya.

Asirin kuwa auduga ce. Tun makon farko ya gane ba hoton ke razana mutum ba, kiɗan ne, ganga da jita da wata murya mai raɗa kamar a ƙeyarka. Da ya toshe kunne, sai jinin ya koma jan fenti kawai.

Ana nan sai manaja ya gayyato makaɗan finafinan da kansu daga Italiya, masu gashi har kafaɗa, su buga a gaban allo wata ranar Asabar bayan azahar. Amamata ta ce ita ma sai ta je ta ga mijinta a bakin aiki. Inusah ya cusa auduga har biyu-biyu.

Ina! Gangar gaske ba ta kunne take bi ba. Ta daɓe ta shigo, ta hau ƙafafunsa, ta zauna a cikinsa. Da muryar nan ta fara raɗa, tocila ta suɓuce. Bai san lokacin da ya faɗa kujerar kusa da Amamata ya ƙanƙame zanenta ba. Kunya ta kama shi kamar ya nutse.

Ita kuwa gyaɗarta take ci. Ta buɗe jaka, ta miƙo masa dunƙulen auduga.

"Ungo, maigida, ƙara. A aljihunka nake tsinta duk ranar wanki."

Ya zare ta kunne ɗaya. "Kin sani? Kuma kike ta yabona a Rye Lane?"

"To wa kake so in yaba? Mijin wata?"