Bilbi da Inna

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da wata Asabar a shekarar da korona ta kulle mu a Kuala Lumpur. Ina karatun digiri na uku a lokacin, muna zaune a wani ƙaramin gida a Pantai Dalam, ni da maigida da 'yarmu mai shekara bakwai, takwarar mahaifiyata. A nan ta girma, kuma Turanci muke yi mata a gida. Wai mu wayayyu, Hausa ai za ta tsinta idan mun koma.

Makaranta ta koma cikin kwamfuta. Aka ba su aiki a kan ƙananan dabbobin Ostiraliya masu goyon 'ya'yansu a jakar ciki: kwoka, bilbi, walabi. Ta zana su duka, ta cika min kunne da bayani. Ta ce malamarsu ta ce sunayen ba na Turawa ba ne, na mutanen asalin ƙasar ne, kuma wasu daga cikin harsunan nasu yau da wuya ka sami mai yi, sai dai sunan dabba ya rage. Na ce to, idona na kan babin da nake gyarawa.

Ranar Asabar ɗin bayan la'asar ƙanena ya kira ta bidiyo daga Kano. Inna ta kwana biyar tana zazzaɓi, numfashinta sama-sama. Ta ce a ba ta takwararta.

Yarinyar ta ɗaga zanenta, ta zuba Turanci. Na fara fassarawa, Inna ta ɗaga hannu.

"Ke, yi min shiru. Da bakinta nake son ji. Takwara, mene ne wannan mai kunnen zomo?"

'Yata ta kalle ni, ta tambaye ni me ake ce mata, da irin Turancin yaran Kuala Lumpur. "Mami, what is she saying lah?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na nuna mata zanen da yatsa, sai ta ce, "Bilbi."

"Bilbi," in ji Inna, tana murmushi. "Kwoka," in ji yarinyar. Inna ta maimaita, tari ya sarƙe ta, ƙanena ya karɓe wayar. Iyakar hirarsu ke nan a duniya, kalmomi biyu na mutanen da ba su taɓa sanin da mu ba.

Ranar Talata Inna ta rasu. Babu jirgi, ta waya na karɓi gaisuwa. Na yi kukan rashin uwa, amma wanda ya fi ci min rai shi ne da 'yata ta tambaye ni abin da kakarta ke son gaya mata. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Na koyi cewa harshe ba ya jiran ranar komawa gida. A cikin ɗaki yake mutuwa, a bakin uwa irina da ta ce sai daga baya.