Tanti Tabawa, Mai Tuhumar Hatimi

Da hantsi, lokacin da masu atamfa na Babbar Kasuwa suke gama jera kaya, Tanti Tabawa takan iso da tabarma a hammata. Ba ta da butik nata. Akwai wani lungu bayan layin masu mayafai, tsakanin shagon ɗinkin da nake aiki da rumfar mai sayar da baliz, wato akwatunan tafiya, nan take shimfiɗa. Ta zauna, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo, ta goge tabarau da bakin zane. Kafin ta gama gaisawa da maƙwabta mata sun fara taruwa, kowace da fasfonta a naɗe cikin leda.

Aikinta jagora. Shekara da shekaru tana kwasar matan Yamai zuwa saro kaya a Lome da Dubai da Turkiyya. Ta san masauki mai araha, ta san dillalin da ba ya cuta. Amma jagorori suna da yawa a garin nan. Abin da ya bambanta ta da su shi ne ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoye hakan.

Duk wadda za ta bi ta, sai ta miƙa fasfo. Tanti za ta buɗe daga shafin farko, ta ɗaga shi sama wajen haske, ta shafa takardar da yatsa, ta tsaya a kan kowane hatimi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na sha jin irin wannan daga bakin kekena:

"Hajiya, wannan na shiga ne. Ina na fita?"

"Haba Tanti, ba ga ni a gabanki ba? Ai na fito ke nan."

"Ni na gan ki. Polis ɗin can bai san ki ba, bai san mijinki ba. Takarda ya sani, kuma takarda ta ce har yanzu kina ƙasarsu."

Wata ta zo da sabon fasfo fil, har da sabon suna. Tanti ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Ba ke aka dawo da ita daga Saudiyya ba, shekarar da kika zarce kwanakin umra?" Matar ta ce wancan zance ya wuce, ai ta canja komai. Tanti ta kama hannunta ta juya shi. "Yatsun nan fa, kin canja su?" Ba ta tafi da ita ba.

Saboda wannan hali aka sa mata suna Jandarma. Kuma kamar yadda take zargin mutane, haka mutane suke zarginta. Wasu sun ce tana kai rahoto komisariya wajen 'yan sanda, in ba haka ba me ya sa take son sanin ko'ina mutum ya taɓa taka ƙafa. Wasu sun ce ƙananan 'yan kasuwa take dannewa don kada su kamo manyan ƙawayenta. Ana faɗa a bayanta, ana gaishe ta da ladabi a gabanta. Ta sani, ba ta taɓa tanka wa kowa ba.

A gidanmu ma an yi wannan zargi, kuma yayata Raliya ce ta fi kowa zafi.

Yaya Raliya tana sayar da mayafai a kan tebur, na wasu take karɓa tana cin ɗan abin da ya hau. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata yara, burinta ɗaya ne: ta je Turkiyya da kanta ta saro, ta tsaya da ƙafarta. Ta yi adashi, ta sayar da filin da ta gada a Tondibiya, ta yi fasfo. In tafiyar ta lalace, ba ta da wani filin.

Sai ga wani mutum, Alu, ɗan kamasho da ke zama wajen masu katako a kasuwar Katako. Kullum cikin farar shadda, da waya biyu a hannu. Shi ya ce mata, "Madam, fasfonki budurwa ne. Ba a ba budurwar fasfo biza. Suna ganin shafi fari sai su ce wannan in ta shiga ba za ta fito ba. Kawo shi ya ɗan sha iska." Mata da yawa suna yin haka a kasuwar nan, ba a ɗauke shi wani abu ba. Mutum yana zaune a gida, fasfonsa yana yawon duniya. Ta ba shi. Da ya dawo da shi, ga hatimin Togo, ga na Gana, ga na Burkina, shiga da fita, tsaf. Ita kuwa ko Dosso ba ta taɓa wucewa ba.

Ranar da ta kai wa Tanti, ina wurin. Tanti ta daɗe a kan shafin. Can ta ɗago.

"Ɗiyata, ashe kin je Lome. Barka. A ina kika sauka?"

"A... wajen kasuwa, Tanti."

"Wace kasuwar?"

"Babbar."

"To madalla. Teku fa, kin gan ta? Da kika fito kasuwar, tana hannun dama ko hagu?"

Mai baliz ya bar abin da yake yi yana saurare.

"Wa ya buga miki wannan?"

"Tanti, kowa fa yana yi."

"Kowa yana yi, ba kowa nake ɗauka ba. Ni tsohuwa ce mai tabarau ɗaure da zare, na gane. To ina ga wanda aka ajiye don wannan kawai, da na'ura a gabansa? In suka kama ki, ba ke kaɗai za su tsare ba, duk wadda ke bayana sai ta sha tambaya. Kuma sunanki ya shiga wurinsu ke nan, ko kin yi furfura kika koma yana nan yana jiranki. Ba za ki bi ni da wannan ba."

Yaya ta fizge fasfonta ta tafi. A gida ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce tsohuwar baƙin ciki take yi, ta ce ai Jandarma ce, gobe za a zo a kama ta. Kwanaki muna jin tsayuwar mota a ƙofar gida sai mu zaci 'yan sanda ne. Ta koma wurin Alu don ya haɗa ta da wani jagoran. Ya ce ta dawo jibi. Jibi ya ce ta ƙaro wani abu. Daga nan wayoyinsa biyu duka suka daina shiga.

Ba 'yan sanda ne suka zo gidanmu ba. Tanti ce ta zo, tana jan ƙafa, rana tsaka. Ta ƙi zama a kujera, ta ƙi shan ruwa sai da ta ga an ɗebo daga randa a gabanta. Ta ce, "Ɗauko mayafinki da wannan fasfo. Za mu je inda aka yi shi mu faɗi gaskiya."

"Ki kai ni a ɗaure ni?"

"In ɗauri ne, gara a garinku inda ƙanwarki za ta kai miki tuwo. Tashi."

Innarmu ta riƙe Yaya tana cewa kada ta je, tarko ne. Ni ma ban yarda ba. Amma Yaya ta duba ta ga ba ta da wata hanya, ta bi ta. Sun sha zama, sun sha tambaya, an yi ta ce musu su dawo. Duk zuwan da aka yi, Tanti tana gefenta. A ƙarshe aka karɓe wancan, bayan watanni aka ba ta wani.

Sai Tanti ta ce, "Yanzu za ki je Lome da ƙafarki." Ta sa ta cikin ƙananan tafiye-tafiyenta na kar, babbar motar fasinja, waɗanda ake kwana a hanya ƙafa ta kumbura. Wagadugu, Lome, aka sake komawa Lome. A kowace iyaka sai ta ce, "Buɗe ki duba kafin ki matsa daga gaban taga. Ya buga? Kwanan wata daidai ne? In ya yi kuskure, ke za ki biya, ba shi ba." Da haka Yaya ta fara juya ɗan jarinta, har aka nemi bizar Turkiyya aka samu.

Abin da ya faru a can, daga bakin Yaya na ji, kuma Hajiya Iklima mai turare, wadda aka yi tafiyar da ita, ta tabbatar mini. Da suka sauka filin jirgi aka shiga layi, matan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Yaya, jami'in ya juya shafi, ya sake juyawa. Sabon fasfo, da hatiman ƙasashen maƙwabta a jere kusa da juna. Irin fasalin da na ƙarya suke da shi ke nan, kuma ga alama ya sha ganinsu. Ya kira wani, aka ce ta koma gefe, aka shiga da ita wani ɗaki.

Tanti tana ƙarshen layi. A nan kullum take tsayawa, ba ta ƙetare iyaka sai ta ga bayan kowa. Da aka yafito ta ta zo a buga mata, ta girgiza kai. Ta miƙa wa Hajiya Iklima adireshin masauki ta saman igiya ta ce su tafi. Hajiya Iklima ta ce, "Tanti, in aka mayar da ita fa?" Ta ce, "Sai a mayar da mu biyu. Ni na kawo ta." Ta samu benci a ƙofar ɗakin ta zauna, da bizarta mai kyau a hannu.

A ciki aka kawo mai fassara da Faransanci. Me ya kai ki Lome? Me kika saya? A ina kika kwana? Yaya ta ce bakinta bai rasa amsa ba, don ta je. Ta faɗi sunan matar da suka sauka gidanta. Ta faɗi yadda kar ta lalace a hanya suka yini ƙarƙashin bishiya. Ta ce ranar da ta fara ganin teku ta matsa kusa, ruwan ya biyo ta ya tafi da takalminta ɗaya, ta koma masauki da ƙafa guda a ƙasa, Tanti tana mata faɗa. Ta buɗe waya ta nuna hoton da aka ɗauke su ita da Tanti ranar a bakin teku. Jami'in bai yi dariya ba. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya leƙa ƙofa ya ga tsohuwar da ke cikin hoton zaune a benci tana harararsa. Ya ja fasfon ya buga.

Da ta fito tana hawaye za ta rungume ta, Tanti ta ture hannunta. "Buɗe mu gani tukuna. Kwana nawa ya ba ki?"

Yau Yaya Raliya tana da rumfarta, yaranta suna lakwal suna karatu. Tanti kuwa ta ajiye tafiya bana, gwiwa ta ƙi. Har yanzu akwai masu cewa tana da wata manufa. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Tanti, ke ce kika yarda a ƙi ki don kada a wulaƙanta 'yar wani a ƙasar da ba ta jin yarensu. Ke ce ƙaya a bakin rijiya, mai tsinin da ke hana yaro faɗawa. An kira ki Jandarma kin amsa, an zage ki a gidanmu kin tako har gidan. Mun gode. Allah ya ba ƙafarki sauƙi, ya sa ki ƙetare babbar iyaka ba tare da tambaya mai tsanani ba.

Ku kuma masu jagorancin mutane, ku yi koyi da ita. Ku duba kafin ku ɗauka, ku faɗi gaskiya ko za a ji haushinku, kada ku wuce ku bar wanda kuka kawo. 'Yan uwana mata, fasfo ba zane ba ne da ake ba da aro. Inda ƙafarki ba ta je ba, kada takardarki ta je.

Da na gaya mata zan rubuta wannan, ta dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Tanti. Godiya ce."

"Godiya a takarda? Hm. To bar yabon, ba ya hana a mayar da kowa. Ki rubuta cewa Alu yana nan. Ya bar Katako, ya tara gemu, yanzu Alhaji ake ce masa. Jiya na ga aikinsa a hannun wata yarinya."

To, na rubuta.