Malamin da Ya Kai Kwanonsa Ƙofar Yero

Ranar kasuwa ba a samun Malam Zainulabideen a gida. Da hantsi zai jefa 'yar rikodarsa a jaka, ya hau tsohon babur ɗinsa mai tari, ya nufi Zagga ko Dole Kaina. Malamin koyar da aikin jarida ne a kwaleji, bana ya yi ritaya, kuma duk bincikensa a kan tambaya ɗaya ya ƙare: me ya sa mutanen bakin iyaka suke haɗiye magana? Yakan zauna rumfar mai shayi ya saurari Bahaushe da Bafulatani da Badendi, sannan ya warware musu cewa doka ta ba talaka damar faɗin damuwarsa, ta ba ɗan jarida damar ɗauka. Bai taɓa fitar da muryar mutum ba sai ya kunna masa ya ji, ya amince.

Cikin masu sauraronsa akwai Yero, manomin albasa a Bagudo, garin da Malam ke zaune, shi kuwa ya ɗauki zancen da gaske. Wani ɗan kwangila ɗan gari ya bar kwalbatin hanyar kasuwar iyaka rabi, ruwa ya cinye hanyar, albasa tana ruɓewa a buhu. Yero ya kira shirin rediyo, ya faɗi sunansa da unguwarsu, ya amayar da abin da kowa ke faɗi a ɓoye.

Ba wanda ya kama shi, amma abin da aka yi masa ya fi kamu ciwo. Ƙofar gidansa ce wurin ciyayyar unguwa tun zamanin mahaifinsa: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon tuwonsa, a haɗa a ci. To, ɗan kwangilar nan ba a son ɓacin ransa. Sai kwanuka suka fara janyewa, wannan ciwon ciki, wancan ya yi baƙi. Tabarma tana shimfiɗe, Yero shi kaɗai, har ya fara zancen kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin uwarsa a Jamhuriyar Benin.

Da labari ya kai wa Malam, kunya ta rufe shi. Ya yi rubuce-rubuce a kan kamu da kotu da rufe gidan jarida, bai taɓa tuna kwanon tuwo ba. Shi ya ba mutum ƙarfin gwiwa, ya koma gida lafiya lau, ya bar shi da kayan. Ranar bai ɗauki rikoda ba. Kwano ya ɗaure a bayan babur, kafin ya isa rabin miyar ya zube.

Yero ya dube shi, ya ce, "Malam, wani binciken na kuma?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Tuwo nik kawo. Ni nac ce ma doka na bayanka, amma ban hwaɗa ma ita ba ta zama cin tuwo da mutum ba."

Haka ya yi ta zuwa daga wancan ƙarshen gari, damina guda. Maƙwabta suna wucewa masallaci kai a ƙasa, abin kunya ya zama nasu. Abdulrashid, wanda katanga ɗaya ta raba su da Yero, shi ya fara dawowa. Sallamar ma da kyar ta fito, ya ajiye kwano, ya ce a yi haƙuri miyar ta yi gishiri. Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya, ba mai iya haɗa ido da maigidan. Kwalbati dai har yau yana nan yadda yake, amma Yero bai tashi ba.

Kai ne, Malam, ka ji kunya ka tashi ka gyara, ba ka tsaya kare kanka ba. Malamin bakin kasuwa, mun gode, Allah Ya sa ka huta lafiya.

Saura masu karatu. Kowace unguwa tana da wanda ya faɗi abin da ke bakin kowa, kuma kowa ya san ƙofarsa. Yau bayan magariba, kada a bar shi ya ci tuwo shi kaɗai.