Akwatin da Mati Ya Huda

A bakin ruwan Wara, in ka ce jirgin Mati ne, to magana ta ƙare, ba mai sake leƙa cikinsa ya ga ko yana yoyo. Shekara hamsin da ɗoriya mutumin nan ya yi yana haɗa jiragen katako. Yana yaro ruwan Kainji ya taso ya ci tsohon gari, kuma a jirgin mahaifinsa aka kwashe tukwane da awaki da tsofaffi zuwa tudu. A wajen mahaifin nasa ya koyi abin da ya riƙe har ya yi furfura: duk ƙofar da iska ta bi, wata rana ruwa zai bi. Shi ya sa in ya gama jirgi sai ya bi shi tsaga-tsaga da auduga da kwalta, ya kwanta a ciki da tsakar rana yana neman inda haske zai tsirgo.

Wayyo zamani! Da, ranar kasuwar Malale, Mati kan tsaya a gaɓa ya nuna jiragensa ɗaya bayan ɗaya suna wucewa maƙare da buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi. Matan da ke ciki su ɗago hannu su ce, "Sannu Baba Mati!" Yanzu hannun ya soma rawa, ido ya yi hazo. Shekara uku cur ba wanda ya kawo masa aiki. Ba ya faɗa, amma abin yana cinsa ƙwarai.

'Yarsa ta ƙarshe, Zulai'atu, malama ce a makarantar sakandare. Ita ta ƙudurta haɗa kwamfuta da hannunta a gida, don shirya jarrabawar ɗalibai da buga takardun mutane. Ta yi ta tara kayan ciki kaɗan-kaɗan daga Kano. Komai ya iso lafiya sai akwatin ƙarfen da za a zuba su, wanda aka ɗora wa buhun albasa a mota, ya zo a lotse kamar gwangwanin madara.

Mati ya juya shi, ya leƙa hudojin da ke gefensa, ya yi tsaki.

"Wanga ai kwando ne, ba akwati ba. Bar mani, ɗiyata. Ni zan yi miki."

Ya jawo wani katakon maɗaci da ya ɓoye a bayan rumbu tun lafiya na lafiya. Mako biyu yana fama. Abin da da zai gama da hantsi, yanzu sai ya kai la'asar, ya sare yatsa sau biyu, bai ko yi uhum ba. Amma da ya fito da akwatin, kai, sai wanda ya gani! Ja sumul, yana sheƙi, murfi yana zama daram. Ƙofa ɗaya tak ya bari ta wayoyi, ita ma ya cusa auduga ya liƙe gefenta da kwalta, don kada raɓar tafki ta shiga ta ci kayan 'yarsa. A ransa ya san wannan ne aikinsa na ƙarshe, kuma yana so ya zauna a ɗakin Zulai'atu ko bayan ba shi.

Ta jera kayan a ciki, ta rufe, ta kunna. Saura a ɗora babbar manhajar da kwamfuta ke tashi da ita, wadda in babu ita na'ura gangar jiki ce kawai. Ta soka filasha, 'yar ma'ajiyar da manhajar ke ciki. Lamba ta soma hawa a fuskar allo: goma cikin ɗari, ashirin, talatin. Mati na zaune a kan tabarma yana murmushi. Tana kai arba'in da 'yan kai, ɗif! Komai ya mutu.

"Mi ya faru?"

"Ba komai, Baba. Ƙila filashar ce."

Ta aro wata filasha a makaranta, ɗif. Ta zargi batirin sola, ta jawo janaretan maƙwabta, ɗif. Ta zare ƙwaƙwalwar na'urar ta goge ta mayar, ɗif dai. Kwana huɗu ana abu ɗaya, ga zafin bazara irin na Wara da ke sa kare ya nemi gindin randa.

Rana ta biyar Mati ya dawo daga sallar azahar da wuri, domin ƙafarsa ta matsa masa. Ya ɗaga labule sai ya tsaya cak. Zulai'atu ta fitar da kayan duka ta shimfiɗa su a kan tebur tsirara, fankar da ke jikinsu tana juyawa, lamba ta wuce saba'in tana ta hawa abinta. Akwatin kuwa yana ƙasa, murfi a buɗe.

Ta miƙe da sauri, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Gwadawa kawai nake yi, Baba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mati bai san boko ba, amma ya san idon 'yarsa.

"Tun yaushe kika gane?"

"Shekaranjiya. Na taɓa murfin na ji ya yi zafi rau. Na'urar nan wuta take fitarwa, Baba, sai iska ta shiga ta fita. In zafi ya yi mata yawa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone." Ta sunkuyar da kai. "Akwatin zan ajiye takarduna a ciki. Wallahi ina son shi."

Takardu! Maganar ta soke shi. Ashe kwana biyu yarinyar nan tana ta wahala da janareta don dai kada ta ce aikin ubanta ne bai yi ba. Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya fi kunyar.

Ya zauna, ya jawo akwatin gabansa. Sannan ya ce, "Ɗauko mani ƙarfen huda. Ki nuna mani inda iskar taki ke son bi."

Ta zana masa da alli, gefe da baya. Ya ɗora akwatin a cinya, ya yi bismilla. Ƙarfen ya zame, ya sake saitawa. Da bakin ƙarfen ya ɓulla ta ciki, haske ya tsirgo, sai da ya rufe ido. Zulai'atu ta ga hawaye ya gangaro cikin gemunsa, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Huda arba'in ya yi, a jere reras, domin ko ɓarna Mati zai yi sai ya yi ta da kyau.

Bayan la'asar ta mayar da kayan, ta rufe, ta faro daga farko. Lamba ta zo arba'in, su duka suka ɗauke numfashi. Ta wuce. Ta kai ɗari, allo ya haska shuɗi, na'ura ta tashi. Mati ya kai tafin hannunsa bayan akwatin, iska mai ɗumi tana hura shi ta cikin hudojin.

"To, Alhamdu lillahi," ya ce. "Amma kada mutanen bakin ruwa su ji."

Ta yi dariya tana share ido. Ta ɗauki ƙarfen hudar za ta mayar cikin jakar kayan aikinsa, sai ya tare hannunta.

"Bar shi nan wajenki, da jakar duka. Ni na gama."