Ranar da Hulda Ta Haɗiye Waƙa

Duk wanda ya zauna a Kafanchan ta wajen layin dogo ya san muryar Hulda, ko da bai san fuskarta ba. Gajeriya ce, ƙafa kamar taɓarya. Sana'arta kankare citta da shanya ta, har tafin hannunta ya koma launin ƙasa. Amma ran Lahadi in ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'a ta ɗaga murya, ko aladen bayan majami'a sai ya yi shiru. Ita ce mai ba da waƙa, sauran nasu amshi. Ba a buga tulu, ba a kaɗa caki, sai ta buɗe baki.

Muryar nan ce ta jawo mata aiki na biyu. A ekklesiyarsu, in mace ta yi yaji, ba a aika dattawa biko. Matan zumunta ne ke cika gidan iyayenta bayan sujadar Lahadi, Hulda ta ɗaga waƙar haƙuri, a sa matar a tsakiya, a taka da ita ana rawa har ƙofar mijinta. To wace ce za ta toge, ana kiran sunan Yesu a kanta, maƙwabta sun leƙo ta katanga? Kunya ce ke ɗaga ƙafar, a ce Ruhu Mai Tsarki ne. Ƙa'idar ɗaya ce: mai ba da waƙa ke farawa, in ba ta fara ba, ba mai motsi. Hulda kuwa ba ta taɓa ƙin farawa ba. Ta mayar da mata a Kafanchan, ta mayar a Godogodo, har daga Kagarko an taɓa aiko mata da mota.

Ita kanta da waƙa aka mayar da ita tana amarya, ido a kumbure, ta zauna har mai gidan ya riga ta kwanta dama. Shi ya sa in ana gardama take buga ƙirji ta ce ga ta nan, haƙuri bai kashe ta ba.

'Ya'yanta biyu. Milka, babbar, tana auren Rufus mai shagon kayan babur, ɗan dattijon ekklesiya. Edna, autar, tana jami'a. A shekararta ta biyu aka kawo musu sabon darasi kan cin zarafin mata, aka ce ko aikin gona kake karantawa sai ka zauna masa. Malamar, Madam Doreen, ta ce kowa ya faɗi yadda ake yi a garinsu in miji ya daki matarsa. Edna, baki ba linzami, ta ba da labarin uwarta. Sai Madam ta aiko a roƙi Hulda ta zo ta yi wa ɗalibai bayani da bakinta.

Hulda ta ɗauka girma ne ya same ta. Ta goge zanen zumunta, ta kafa ɗankwali, ta tsaya gaban yara cike da ɗaki, ta lissafa musu gidajen da ta ɗinke. Har ta ɗan ja musu waƙar, 'yan baya suka yi amshi suna tafi.

Sai wani dogon saurayi ya miƙe, ya ce sunansa Kaleb.

"Mama, ba ki gane ni ba. Ni ɗan Paulina ne ta Godogodo. Ke kika mayar da ita. Ina ƙarami, ni ma na bi ku ina rawa, don waƙar ta yi mini daɗi. Yanzu in za a yi mata magana sai ta kunnen hagu. Mama, in kin kai su, kina komawa ki duba?"

Hulda ta ce ita aikinta rakiya ne, ba gadi ba. Wasu suka yi dariya. Madam Doreen ba ta yi ba. Ta ce wa ɗaliban su riƙe tambayar nan, gobe su ne fastoci, su ne masu jinya, su ne alƙalai, su ne mazan auren. Ta yi wa Hulda godiya ta raka ta har bakin hanya. Hulda ta dawo gida tana zagin yaran zamani, amma kunnen Paulina ya bi ta har cikin ɗaki, ita da ko fuskar matar ba ta iya tunawa.

Ba a gama shanya cittar bana ba sai ga Milka da goyo, hannun dama ɗaure a wuya da ɗankwali. Ba wannan ne dukan Rufus na farko ba, shi ne dai na farko da ƙashi ya karye.

Edna ta zo da gudu daga makaranta, ta zazzage duk abin da aka koya mata: a je asibiti, a je wajen 'yan sanda, akwai doka, kada a mayar da ita. Hulda ta tambaye ta ko dokar ce za ta zauna kusa da su a benci ran Lahadi. Asibiti dai an je. Edna ta koma, jarrabawa tana jiranta. Mai ilimi yana da inda zai koma, uwa ba ta da shi.

Sai aka fara sallama. Mama Bernice, matar fasto, ta zo ta yi addu'a mai tsawo, ta ƙare da cewa Rufus ya yi kuka a gaban dattawa, kuma mai magani ba ya ƙin shan nasa. Waɗanda suka fi matsawa su ne matan da Hulda ta taɓa mayar musu da 'ya'ya. Lai'atu, wadda aka kai tata 'yar har ta daina gudowa, ta ce a kasuwa, yadda kowa zai ji, za a ga ko 'yar mai waƙa da gwal aka yi ta.

Hulda ta duba gabas ta duba yamma. In ta kai Milka, ta san hannun da ke jira. In ta ƙi, duk matan da ta kai fa, me ta yi musu ke nan? Kuma muryar nan ita ce duk abin da ta mallaka a garin.

Ran Lahadi bayan sujada suka zo, zane iri ɗaya, da tuluna da caki. Citta tana shanye a tsakar gida, suka rarrabu a gefenta. Hulda ta fito da nata zanen. Ba a kira Milka ba, da kanta ta fito, ta riga ta ƙulle kayanta da hannu ɗaya, don dama haka aka rene ta. Ta matso kusa ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ki fara kawai. Kada a yi miki dariya saboda ni."

Hulda ta ja numfashi kamar yadda ta saba. Masu tulu suka ɗaga hannu. Sai idonta ya sauka kan kunnen 'yarta, ƙarami, da hujin da ita ta yi mata da allura tana jaririya. Waƙar ta taho har maƙogwaro ta tsaya.

"Yaya Hulda, rana tana yi," in ji Lai'atu.

Hulda ta tsuguna ta fara juya citta. Ɗaya bayan ɗaya take juyawa, har wadda ta riga ta bushe. Mata suka tsaya cirko-cirko, ba mai ikon farawa. Mama Bernice ta yi gyaran murya ta gaji. Da inuwa ta ci rabin tsakar gida suka ɗauki tulunansu suka fita, ba sallama.

Lahadi mai zuwa Lai'atu ce ta ba da waƙa a majami'a. Muryarta kamar ana jan kwano a siminti, amma an yi mata amshi. Hulda tana bencin baya ta gane abin da ta yi: ƙa'idar ba ta mutu ba, baki kawai ta sauya. Yanzu duk ranar da Lai'atu ta ga dama, tana iya tsayawa a tsakar gidan nan ta fara.

Edna ta ci darasin, har Madam ta yaba mata a gaban aji. Milka hannu ya haɗe, amma ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa sujada, kada a tare ta a hanya. Hulda kuwa ta matsar da shanyarta zuwa bakin ƙofa, a nan take wuni ta tare hanyar da ƙafafunta. In iska ta kawo ƙarar tulu daga wata unguwa, sai wuƙar kankare citta ta tsaya a hannunta, Milka ta daina lallashin yaro a ɗaki, su biyun su kasa kunne, su ji ina aka nufa.