Kaskon Hajo

Da ƙungiyarmu ta adana tarihin gari ta ce kowa ya kawo abin da ya gada daga waɗanda suka kafa ƙauyenmu, wani ya zo da takobi, wani da tsohon allo. Ni kuwa na zo da kasko mai tsage, baƙi ƙirin. Aka yi ta dariya. Na ce ku gama, kaskon nan ya girmi kakanninku.

A ƙauyenmu da ke gefen garin da ake kira Turawa, zamanin Bature, kakata Iya ce mai murhu. Bayan magariba mukan zagaye ta, gyaɗa na gasuwa a gefe. Sai ta tone toka da tsinke har jan garwashi ya leƙo, ta ce, "To, ta farka, ku ma ku farka." Ni take fara tsokana: "Matsa kusa, angona, ko da yake ba ka taɓa saya mini ko goro ba."

Labarin da muka fi so shi ne na Tanko da matarsa Hajo. Gona ta yi musu kaɗan a wajen Rogo, suka taso da jaki ɗaya za su Karaye. Hajo na ɗauke da garwashin gidan uwarta a kasko, tana ciyar da shi da busasshen kashin shanu. Ruwa ya tare su a daji, ta faɗa gindin tsamiya ta duƙa a kan kaskon. Da aka ɗauke, Tanko ya ce a tafi.

Iya sai ta murguɗa baki kamar Hajo: "Malam, kai ka tafi. Wutata ta gaji, a nan za ta kwana."

Wannan kwanan da suka yi shi ya zama gari. Duk wanda ya zo daga baya, a wurin Hajo ya ɗebi wuta. Iya ta ce wutar nan ce a gabanmu, ba ta taɓa mutuwa ba, kuma ba a hannunta za ta mutu ba. Babanmu ya kawo ashana daga kanti lokacin cinikin gyaɗa, ta ture: "Wutar da ba ta da uwa? Riƙe abarka."

Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin ɗakin girki ya rufta. Da safe Iya ta tona, ta sake tonawa, toka ce jiƙaƙƙiya. Ta zauna dirshan a gaban murhun. Ban taɓa ganin ta haka ba, na ji tsoro ƙwarai. Babanmu ya tsaya da ashana a aljihu, ya kasa fitowa da ita.

Sai ga sallamar maƙwabciyarmu, Gwaggo Asabe, da garwashi a guntun fasasshiyar tukunya.

"Iya, ina kwana? Ya ruwa? Ban ga hayaƙi a gidanku ba."

"Ta mutu, Asabe."

"Wace ce ta mutu? Jiya da la'asar a murhun nan na ɗiba. Taki ce, gidana kawai ta kwana."

Iya ta dube ta, ta dubi garwashin, sai dariya har da hawaye. "Ashe yawo ta tafi, 'yar nema!" Ranar an yi ɗanwake, Asabe ta ci mafi yawa. Daga yammacin nan kuma ta shiga cikin labarin, bayan Hajo.

Sai da na yi furfura na gane abin da ya faru. Wadda Iya ta binne tana gadi ita ce ta mutu, wadda ta bayar ita ta dawo. Shi ya sa da shugaban ƙungiya ya ce a kulle kaskon a kabad, na ƙi. Yanzu duk Juma'a gida ɗaya ke karɓar sa, a tara yara a ba su labarin. Makon jiya jikar Asabe ce ta bayar, kuma wallahi ta fi ni iya murguɗa bakin Hajo.