Don Allah Ku Sauke Waƙar Inna Kulu

Da safen nan ina cikin dama koko Hassi ta kira ni. Ban gama amsa sallama ba ta ce, "Luba, Inna ta tahi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna Kulu mai kiɗan ƙwarya ta Wurno, mahaifiyar Hassi. Bayan sallar asuba ta ce kanta na sara mata, ta jingina da bango. Shi ke nan.

Shekara goma sha huɗu ina yi mata amshi kafin aure ya kawo ni Goronyo. Ina rubutun nan, amma ba kuka ne kaɗai ya sa ba. Tsoro nake ji.

Tun ba a kai ta makwancinta ba na ga waƙarta a sitatus ɗin mutum uku. Doguwar nan ta kakar albasa. Na san don ƙauna kunka sa. Amma don Allah ku sauke ta. Ku karanta har ƙarshe, za ku ji dalili.

Ina 'yar shekara sha bakwai ta fara jin muryata a wani suna. Ta kira ni gefe ta ce, "Ke, muryar ga taki ba ta tallan ƙuli ba ce. Gobe ki zo gida." Ranar farko da na shiga amshi na riga kowa ɗauka, muryata ta fita ita kaɗai tsakiyar mata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta juyo ta maimaita abin da na faɗa, kamar da ma haka waƙar take. Ba wanda ya gane sai ni da ita.

Kullum akwai citta da kanumfari ƙulle a bakin zanenta. Da ta ji ɗayarmu ta yi tari sai ta kwance ta ba ta.

Da na haifi ɗan fari, ita ta zo ta zauna da ni kwana bakwai, domin mahaifiyata tana kwance a lokacin.

Ba ta iya karatu ba, ni ke duba mata saƙo. Waya kuwa sunan da ta sa mata 'yar tsegumi. Muna dariya. Ashe ita ta fi mu gani.

Wanda bai san yadda waƙarmu take ba, bari in gaya mashi. Mu ba mu yabon mutum a dunƙule. Sai an kira sunansa, da na ubansa, da garinsu, da unguwarsu. Sai a faɗi abin da Allah ya hore mashi: shanu, rumbuna, fadamar albasa, injin ban ruwa. Matarsa na zaune tana jin daɗi, mata na guɗa. In Inna ta tsallake sunan wani, washegari sai matarsa ta zo ƙorafi har gida. Abin alfahari ne a da.

Sai zamani ya juya.

Shekarun baya 'yan bindiga sunka ɗauke wani dattijo a wani ƙauye gabas da mu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi ƙauyen ba. Da Allah ya kuɓutar da shi, matarsa ta zo wurin Inna. Ina nan zaune. Ta ce a daji ya rantse masu ba shi da komai, sai ɗayansu ya ciro waya ya kunna mashi wata waƙar Inna ta bikin ɗiyarsa. Ya ce mashi, "Ba kai ne wannan ba? Ko tsohuwar ƙarya take yi?" Sunka yi ta dukansa waƙar na tashi.

Matar ba faɗa ta zo yi ba. Faɗi kawai ta yi, ta tashi ta tafi.

Inna ta bi ta da kallo har ta fita. Can ta ce, "Ashe jagora nike yi musu ban sani ba."

Daga ranar ba ta sake kiran sunan kowa a waƙa ba. Mata sunka yi ta fushi, wasu sunka daina gayyatar ta biki. Ta bi gida gida tana roƙon tsofaffin kaset, daga Wurno har Rabah, har su Kwargaba. Ta je kasuwa wurin masu tura waƙa a memori ta tsaya a kansu sai da sunka goge. Kaset ɗin da ta tara ta zuba a murhu. Warin roba ya cika gidan, ita kuwa tana zaune tana kallo.

Ta tambaye ni ko ina da wani. Na ce ba ni da shi.

Ƙarya na yi mata.

Ina da ta kakar albasa a wayata. Ita ce mafi tsawo, ita ce mafi daɗi. Akwai sunan magidanta da yawa a ciki, har da yayana wanda muke ciki ɗaya. Abin da ya hana ni gogewa, a tsakiyar waƙar ana jin guɗar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ba ni da hotonta mai kyau, ba ni da muryarta a ko'ina sai nan. In kewa ta dame ni sai in sa a kunne in saurara ni kaɗai. Na ɗauka abin da ke cikin wayata ba ya cutar da kowa.

Watan jiya wasu mutane sunka zo daga Sakkwato. Sun ce akwai zauren da ake karrama manyan mawaƙan ƙasar nan, ana rataye hotunansu da tarihinsu, kuma bana an zaɓi Inna. Yawancin waɗanda ke ciki maza ne. Inna ta yi murna, ko da yake ta ɓoye. Ta ce wa mai ɗaukar hoton, "Yaro, in za ku rataye ni ga bango awa faifai, ku rataye ni da ƙwaryata. Kuma kada ku sa ni ƙasan maza, na ga wasunsu suna rarrafe."

Sunka nemi tsohuwar waƙarta da za a kunna ranar taron. Ta ce babu, duk ta ƙone. Ɗaya daga cikinsu ya samu lambata ya kira ni. Mutumin kirki ne, da ladabi ya yi magana. Ya ce abin kunya ne a rataye hoton mawaƙiya ba a ji muryarta ba, kowa na da tashi sai ita. Maganar ta shige ni. Na ga kamar za a raina Inna cikin maza. Na tura mashi.

Ban yi shawara da kowa ba. Ban tuna da dattijon nan ba sai bayan na tura.

Shi kuma ya kira Hassi yana yaba waƙar, a nan Inna ta ji. Da ciwon ƙafarta da hawan jininta ta hau mota har Sakkwato. Ya ba ta haƙuri, ya goge a gabanta. Amma ya gaya mata gaskiya, ya riga ya sa a guruf ɗin masu shirya taron. Sun yi alkawarin gogewa su ma. Wanda ya goge da wanda bai goge ba, Allah ya sani.

Ranar Asabar ta aiko in zo. Ita ce ganawarmu ta ƙarshe.

Na ishe ta a tsakar gida tana shanyar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Luba, mi kinka yi?" Na fashe da kuka. Na gaya mata zancen guɗar mahaifiyata.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Da kin gaya min tun farko, ai da na yi maki guɗar. Na san yadda takan yi, tare munka tashi." Sai ta ɗaga kai ta yi. Wallahi irin tata ce, har inda muryar ke karyewa a ƙarshe. Kajin gidan sunka watse. Ina kuka ina dariya.

Sannan ta ce, "Share hawayenki, aiki za mu yi. Ɗauko 'yar tsegumin."

Ta sa Hassi ta kawo ƙwarya, ta kifa ta a kan ruwa. Ta sake rera waƙar kakar albasa tun daga farko, ni da Hassi muna amshi, wayar na ɗauka. Duk inda sunan mutum yake a da, sai ta yi shiru, mu kuma mu ce, "Allah ya san shi." Ta cire garuruwa, ta cire shanu, ta cire rumbuna. Ta bar ruwan fadama, da sanyin safiya, da hannun da ke fashewa wurin dashe. Muryarta ta tsufa, sau biyu numfashi na yanke mata. Na ce mu sake. Ta ce, "Bar shi hakanan. Wagga ita za ki ba su. In sun ƙi ta, su sauke hoton."

Da zan tafi ta raka ni har zaure, ta ce in yi sauri in samu mota tun rana na sama. Ta danƙa mini citta a hannu. Ta ce, "Ki gaida yayanki. Ki ce ya yafe min."

Ban isar da saƙon ba tukuna. Ban san ta inda zan fara ba.

Ga abin da ke tsorata ni. Waƙar nan ta fi shekara goma sha biyar. A cikinta yayana mai garke ne, mai rumbu a jere. Yau ba shi da saniya ko ɗaya. An kore wasu, sauran ya sayar. Awaki biyu gare shi da 'yar gonar da yake zuwa da faɗuwar gaba. Amma waƙa ba ta san an yi asara ba. Tana nan tana kiran sunansa da na babanmu da unguwarsu, tana cewa shanunsa ba su ƙirguwa. In ta faɗa kunnen mutanen nan sunka zo, mi zai ce masu? Wa zai yarda da shi?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wasu da ke ciki sun rasu, 'ya'yansu na nan cikin gidajen. Wasu har yanzu ba su san waƙar ta fita ba.

Ɗazu na kira yayana in yi mashi ta'aziyyar Inna. Yana gona. Sai na ji ƙarar babur ta bayansa. Na ce wane ne? Ya ce mai kai taki ne, mi ya same ki? Na ce ba komai.

Mutum ukun da na gani na kira su. Biyu sun sauke. Ta ukun ta ce ita ma turo mata anka yi, kuma ta tura wa 'yan uwanta. Ban san iyakar inda ta kai ba. Shi ya sa na zo nan, duk da kunyar abin da na aikata.

Laifin nawa ne. Ba na Inna ba ne, ba na mutanen zauren ba ne. Wanda zai zage ni ya zage ni, amma ya goge tukuna.

In tana sitatus ɗinka, sauke. In tana wayarki, goge, ki duba har inda waya ke ajiye abin da anka turo. In kun gan ta a wani guruf ku yi magana. Kada ku rubuta sunan kowa a ƙarƙashin rubutun nan, ko da addu'a za ku yi mashi. Ni ma na goge tawa ranar Asabar a gaban Inna, da guɗar mahaifiyata da komai.

Wanda ke son jin muryarta, na sa sabuwar a ƙasa. Ita ce za a kunna ranar da za a rataye hotonta, mutumin nan na Sakkwato ya tabbatar wa Hassi ɗazu. Wannan ku yaɗa ta yadda kuke so.

Yanzu zan nemi mota zuwa Wurno. In na dawo lafiya, gidan yayana zan fara zuwa in gaya mashi komai da bakina.

Ya Allah ka jiƙan Inna Kulu. Ka yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Yadda ta bi gida gida da ciwon ƙafa don ta rufa wa bayinka asiri, ka rufa mata nata, ka haskaka kabarinta. Ka ba Hassi da mu haƙuri. Ka toshe kunnen azzalumai daga waƙar nan, ka kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ku haɗa da mutanen da ke cikin waƙar, su kwana gidajensu lafiya. Ba sai kun san sunansu ba.

Allah ya san su.